Gidan keɓewa a hanyar Vom: koyarwa mai nauyi a kan jaraba, tsari mai buƙatar gyara

A gefen hanyar da ta bar Bukuru ta nufi Vom, kusa da Jos, akwai wani gida da wani fasto mai ritaya da maiɗakinsa suka mayar wurin keɓewa domin Kiristocin da ke fama da jarabar da ta fi ƙarfinsu, ko ta shaye-shaye, ko ta caca, ko ta fasikanci, ko ta zafin zuciyar da ke rusa aure. Ana shiga ranar Juma'a da yamma, a fita ranar Lahadi bayan sujada, kuma sau ɗaya ake yin zaman a kowane wata. Gidan ba shi da allo a bakin titi, ba ya talla a rediyo ko a Facebook, masu shi kuma suna roƙon duk wanda ya halarta kada ya yaɗa sunansu ko kwatancen ƙofarsu, domin masu zuwa suna zuwa ne da abin da ba sa so a san su da shi. Zan mutunta wannan roƙo. Fastocin yankin sun san wurin, ta hannunsu ake samun gurbi.

Kwamitin matasa na ikilisiyarmu ne ya ɗora mini nauyin in je in gani da idona kafin mu fara tura 'ya'yanmu, sharaɗin masu gidan kuwa shi ne ba a zuwa kallo, duk wanda ya ƙetare ƙofa zai bi tsarin kamar kowa. Abin da na dawo da shi shi ne, koyarwar da ake bayarwa a wurin ta fi yawancin abin da na saba ji a kan wannan batu nauyi da gaskiya, amma tsarin da ke kewaye da koyarwar yana da giɓin da zai iya cutar da mutum idan ba a toshe shi ba.

Ba sai an yi wa mazaunin Jos dogon bayani a kan dalilin buɗe irin wannan gida ba. Duk wanda ya ratsa wasu lungunan Tudun Wada ko Kabong da yamma ya san abin da goskolo, wani haɗin barasa mai ƙarfi, ke yi wa samari, ya kuma ga yadda shagunan cacar ƙwallo suka yawaita, har ma cacar ta bar shago ta koma cikin waya. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a farkon 2019 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda a Nijeriya. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma doka kwalba take hanawa, ba ta taɓa ƙishirwar da ke kai hannu ga kwalbar. Wannan ƙishirwa ce masu gidan suka ce sun sa a gaba.

Abu na farko da ake karɓa a hannun baƙo, tun kafin a nuna masa makwanci, shi ne wayarsa. Mama, wato maiɗakin faston, ita ke sa kowace waya a ambulan, ta rubuta suna, ta kulle a akwati, sannan ta ba da lambar gidan domin iyali su kira idan wani abu ya taso. Na ga manyan mutane suna jinkirin sakin wayar kamar za a cire musu haƙori, daga baya kuma na fahimci cewa da gangan aka sa wannan a farko, domin darasin da za a shafe kwana biyu ana bayarwa ya fara ne daga wannan tebur. Kuɗin zaman duka, da abinci da makwanci, bai kai abin da mutum zai biya na dare ɗaya a matsakaicin otal a Rayfield ba, wanda bai da shi kuma ikilisiyarsa ke biya masa ko a yafe. Ba a karɓar baiko, ba a sayar da man shafawa ko ruwan addu'a, ba a kuma cewa kowa ya shuka iri domin a karya masa la'ana. A garin da ake cinikin kuɓutarwa kamar tumatir a kasuwar Farin Gada, wannan kaɗai ya isa a yaba.

Koyarwar ta ginu ne a kan aya guda, Yakubu 4:7, inda aka umarci masu bi su miƙa kansu ga Allah, su yi tsayayya da Iblis, shi kuwa zai guje musu. Baba, kamar yadda kowa ke kiran faston, ya shafe daren Juma'a a kan jerin da maganar ta zo da shi: miƙa kai ne a gaba, tsayayya a baya. A ganinsa, yawancin waɗanda suka iso gidan sun riga sun gaji da tsayayya. Sun yi rantsuwa, sun yi alkawari a daren shiga sabuwar shekara, sun yi azumi, sun fasa kwalba, sun goge manhajar caca daga waya, duk da haka sun koma. Ya karanta Romawa 7 a hankali, wurin da Manzo Bulus yake kukan cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun abin da ba ya so shi yake aikatawa, sannan ya tambayi ɗakin ko akwai wanda bai gane kansa a cikin wannan kuka ba. Babu wanda ya ɗaga hannu. Daga nan ya taɓo maganar nan da muke yawan faɗa, wai Allah ya ce tashi in taimake ka, ya ce magana ce mai amfani ga malalacin da ya ƙi zuwa gona, amma ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma ba ta da abin da za ta gaya wa mutumin da ya yi ta yunƙurin tashi yana faɗuwa. Bishara, in ji shi, ta fara ne da wanda ba ya iya tashi.

Wannan tsohuwar gardama ce a tarihin ikilisiya, kuma na ji daɗi da Baba bai ɓoye wa mutane hakan ba. A farkon ƙarni na 5, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya yi jayayya da Felajiyus, wanda ya koyar da cewa mutum yana da ikon kiyaye umarnin Allah da ƙarfin nufinsa, har majalisar ikilisiya da ta zauna a Kartaj a 418 ta ƙi wannan koyarwa. Baba yana gefen Agustin ba tare da kwana-kwana ba: nufin mutum kansa ya kamu da ciwo, saboda haka ba za a ce wa nufin ya warkar da kansa ba, sai alherin Allah ya shigo daga waje.

Sai dai irin lafazin da yake amfani da shi, na cikakken miƙa wuya da ɗora kome a kan bagade, yana da tushe mafi kusa da mu. A 1875 aka fara taron shekara-shekara a garin Keswick na Ingila, wanda ya shahara da kiran masu bi su sallama rayuwarsu gaba ɗaya ga Kristi domin su sami nasara a kan zunubi, kuma wannan ruhu ya ratsa mishanonin da suka zo ƙasar nan. Rowland Bingham, ɗaya daga cikin mutum uku da suka sauka Legas a 1893 suka fara aikin da ya zama mishan ɗin SIM, wanda daga cikinsa ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, shi ne ya kafa irin wannan taro a Kanada a 1924. Don haka duk wanda ya girma a majami'un Filato ya sha jin wannan kira tun yana ƙarami, a taron farkawa, a sansanin matasa, a bakin masu wa'azin ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa. Kira ne mai kyau, amma yana da haɗari biyu da na sha gani a tsakaninmu. Na farko, mutum ya ɗauka cewa miƙa kai abu ne na dare ɗaya, ya fita gaba ya durƙusa ya yi kuka, ya zaci yaƙi ya ƙare, idan kuma jarabar ta dawo bayan mako biyu sai ya yanke cewa Allah bai karɓe shi ba. Na biyu, mutum ya mayar da miƙa kai hujjar naɗe hannu, ya ce ai ya bar wa Allah, alhali yana zaune a benci ɗaya da abokan da suke shan tare.

A nan ne gidan ya burge ni ƙwarai, domin duk safiyar Asabar an ba da ita ga rushe waɗannan kurakurai biyu. A kan na farko, Baba ya kai mu Getsamani, ya nuna cewa bisa ga Matiyu 26 sau uku Yesu ya koma yana addu'a ɗaya, yana sallama nufinsa ga nufin Uba, a dare guda. Idan wanda bai san zunubi ba ya maimaita sallamawarsa, in ji shi, mu su wane ne da za mu ce sau ɗaya ya ishe mu har abada? Ya haɗa da Luka 9:23, inda aka ce mai bin Yesu ya ɗauki gicciyensa kowace rana, da Luka 4:13, inda aka ce bayan gwajin jeji Iblis ya rabu da shi ne zuwa wani lokaci. Dawowar jaraba, a koyarwar gidan, ba shaida ba ce cewa an yashe mutum, domin Ibraniyawa 4:15 ta ce an jarabci Yesu ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba. Na lura da yadda kafaɗun wasu suka sauka da jin haka, musamman waɗanda aka daɗe ana gaya musu cewa jin sha'awar kwalba kaɗai alama ce ta aljani a jikinsu.

A kan kuskure na biyu kuwa aka raba takarda. Kowa zai rubuta wa kansa, ba tare da nuna wa kowa ba, amsar tambayoyi kaɗan: wace jaraba ce, da wane lokaci take zuwa, a wane wuri, tare da wa, da kuma abin da ke faruwa a zuciya kafin ta zo, ko gajiya, ko kaɗaici, ko faɗa da mata, ko shigowar albashi. Tushen wannan shi ne Yakubu 1:14-15, inda aka bayyana cewa sha'awar mutum ce ke jan sa, ta yi ciki ta haifi zunubi, zunubi kuma idan ya girma ya haifi mutuwa. Hujjar Baba ita ce, tun da abin mataki-mataki yake tafiya, to akwai matakin da ya fi sauƙin tsayarwa, kuma ƙofar kuɓuta da 1 Korintiyawa 10:13 ta yi alkawari galibi tana can farkon hanya, kafin mutum ya zauna a teburin mashaya. Ya kawo Yusufu a gidan Fotifar, wanda bai tsaya yin muhawara ba, ya bar rigarsa ya gudu, ya kuma gwada shi da Dawuda, wanda ya zauna a Urushalima a lokacin da sarakuna ke fita yaƙi, har ya faɗa cikin zina. A ƙasan takardar akwai tambaya ta ƙarshe, wadda ita ce zuciyar zaman duka: wane abu ne a hannunka, wanda ake iya gani da taɓawa, da za ka saki a wannan mako a matsayin shaidar cewa ka miƙa kanka?

Wani saurayi da cacar ƙwallo ta cinye wa jari ya ce, "Baba, ni na sha miƙa kaina a gaban bagade, amma ko wata ba na yi sai in koma." Baba ya dube shi ya ce, "Ɗana, na ji ka miƙa zuciyarka, Allah ya yi maka albarka. To katin bankinka fa, yana hannun wa?" Saurayin ya ce yana aljihunsa. Baba ya ce manomin da ya durƙusa ya danƙa gonar dankalinsa ga Allah, sannan ya tashi ya bar shingen a karye awaki suna shiga, bai danƙa kome ba, baki kawai ya motsa. Kafin a tashi, saurayin ya amince yayarsa ta riƙe katin, tana ba shi kuɗin mota da na abinci. Wani ya ce zai canja hanyar da yake bi daga aiki zuwa gida, wani zai mayar da babbar wayarsa ƙarama mara intanet na wani lokaci, wani kuma zai gaya wa maiɗakinsa gaskiyar bashin da ke kansa. Wannan shi ne Romawa 6:13 da 12:1 a aikace, inda ake maganar miƙa gaɓoɓi da jiki, ba tunani kaɗai ba. Filibiyawa 2:12-13 ce Baba ya ɗaure maganar da ita: ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku.

Mai karatun da ya san ƙungiyar taimakon mashaya da Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a Akron ta Amurka a 1935 zai ga kama, domin su ma matakansu suna farawa ne da amincewar mutum cewa ba shi da iko a kan giya, sannan ya sallama nufinsa ga kulawar Allah, ya kuma sami wanda zai riƙa bibiyarsa. Bambancin shi ne a wannan gida ba a bar wa kowa ya zaɓi yadda zai fahimci Allah ba, Kristi ake wa'azi da gicciyensa, kuma ana rufe zaman da Jibin Ubangiji ga waɗanda ikilisiyarsu ba ta dakatar ba.

Yanzu sai abubuwan da ba su gamsar da ni ba, mafi girma a cikinsu kuwa shi ne batun lafiya. Gidan yana karɓar mutumin da ya shekara da shekaru yana shan giya kullum, ya raba shi da ita farat ɗaya, ba tare da wani ma'aikacin lafiya ya duba shi ba. Duk likita zai gaya maka cewa wanda jikinsa ya saba da giya mai yawa, idan ya daina kwatsam, yana iya shiga rawar jiki da gumi da rashin barci cikin sa'o'i, wasu su yi faɗuwa irin ta farfaɗiya, wasu kuma bayan kwana biyu zuwa uku su ruɗe suna ganin abin da babu, yanayin da ke iya kai wa ga mutuwa. Mai shan tiramadol da yawa shi ma yana cikin haɗarin irin wannan faɗuwa ta farfaɗiya. A daren Asabar wani magidanci ya fara karkarwa yana zufa duk da sanyin da ake yi, sai mataimakan gidan, samari masu himma amma marasa horo, suka kewaye shi da addu'a suna tsawata wa ruhun maye. Mama ce ta fito ta ce addu'a ta ci gaba a cikin mota, aka nemi maƙwabci ya kai shi asibiti. Allah ya sa Mama ta farka. Abin da ya dame ni shi ne gidan da ke koyar da cewa miƙa kai yana tafiya da gyaran shinge, shi da kansa ya bar wannan shinge a karye. Asibitin mishan na Vom yana kan hanyar, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma babu ikilisiyar da za a rasa ma'aikaciyar jinya a cikinta. Tambayoyi kaɗan a lokacin rajista, a kan abin da mutum yake sha da yawansa da lokacin da ya sha na ƙarshe, sun isa su nuna wanda ya kamata ya ga likita tukuna.

Na biyu shi ne zaman furta zunubi na yammacin Asabar, wanda aka gina a kan Yakubu 5:16. Manufar daidai ce, domin jaraba a ɓoye take ƙiba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma an haɗa ɗan shekara ashirin da sa'an mahaifinsa a rukuni ɗaya, a al'adarmu kuwa yaro ba zai buɗe baki ya faɗi abin kunya a gaban babba ba, babba ma ba zai zubar da girmansa a gaban yaro ba. Sakamakon haka sai aka yi ta kewaye-kewaye, ana cewa "na yi rauni" da "na faɗi", babu mai kiran abu da sunansa. An yi gargaɗi da baki cewa abin da aka ji a nan ya tsaya a nan, amma Jos ba ta da girman da za a dogara da gargaɗin baki kaɗai, domin wanda ke gefenka yana iya zama surukin maƙwabcinka. Waɗanda suka amfana da gaske su ne waɗanda suka sami ganin Baba su kaɗai, shi kuwa mutum ɗaya ne, shekaru sun ja, layin kuma ya kai har dare.

Batun mata ma yana buƙatar dubawa. Ɗaki ɗaya aka ware musu, Mama kaɗai ke kula da su bayan ita ce mai kula da girki, misalan da ake bayarwa a koyarwa kuma kusan duka na maza ne. Rahoton nan na 2019 ya ce a cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar nan ɗaya mace ce, kuma sanin kowa ne cewa mace mai irin wannan matsala ta fi namiji fuskantar tsangwama, saboda haka ta fi shi ɓoyewa. Da za a keɓe wa mata zamansu dabam, a nemo dattawan Zumuntar Mata masu riƙon asiri su taimaka, da an ga masu zuwa sun ƙaru.

Da Hausa ake koyarwa, kuma hakan ya dace, domin a ɗaki ɗaya akwai Birom da Ngas da Tarok da Mwaghavul, Hausa ce ta haɗa su a sujada kamar yadda ta saba tun bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wasu matasan da suka taso a cikin gari sun fi sakewa da Turanci, mataimakan kuma suna fassara musu a gefe ba tare da hayaniya ba. Littattafan gidan sun tsufa, wasu shafuka sun zube, gara mutum ya zo da nasa. Abinci mai sauƙi ne kuma mai tsabta: kunun gyaɗa da ƙosai da safe, gwaten acca da rana, tuwo ko dankali da dare, kuma ba a tilasta wa kowa azumi, abin da na ɗauka hikima ce ga mutanen da jikinsu ya riga ya raunana. Ɗakunan kwana na mutum huɗu ne, katifun sun yi laushi, barguna ba su isa ba, wanda kuma ya san sanyin Filato a watannin hunturu, a tudun da ya haura mita 1,200, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan zafi sai wanda ya riga tashi.

Abin da zai nuna ko zaman ya yi amfani shi ne ranar Litinin da abin da ya biyo bayanta, a nan kuma gidan yana da rabin amsa ne. Kafin a mayar wa mutum wayarsa, sai ya rubuta sunan wanda zai zama abokin tafiyarsa, wato mai bi ɗaya da ya yarda da shi, wanda zai gaya wa abin da ya rubuta a takarda, ya kuma ba shi izinin yi masa tambaya kowane mako ba tare da jin nauyi ba. Baba ya nanata Galatiyawa 6:1, cewa wanda aka kama da laifi a komo da shi cikin tawali'u, mai komo da shi kuma ya kula da kansa, ya kuma gargaɗi kowa cewa idan ya faɗi, ya kira abokin tafiyarsa a ranar, kada ya jira sai ya gyaru. Shawara ce mai kyau ƙwarai, sai dai babu wanda ke bincika ko an bi ta. Abin da gidan ke yi kawai shi ne sa mutane a zauren WhatsApp inda ake tura aya kowace safiya, wanda kuwa aka shawarta ya rabu da babbar waya saboda caca, ta ina zai ga ayar? Da na tambayi Baba, sai ya ce, "Ɗan'uwa, ni kwana biyu nake da su, ku kuke da sauran kwanakin." Ban ga laifin amsar ba, amma ya kamata a faɗa wa ikilisiyoyin da ke turo mutane wannan magana ƙarara tun a farko, domin da yawa suna turo yaro ne kamar an kai mota gareji, suna jiran a dawo musu da ita a gyare.

Abin da na gaya wa kwamitinmu shi ne, ga wanda ke fama da caca, ko kallon batsa, ko zafin zuciya, ko wanda ya riga ya daina shan abu yana neman abin da zai riƙe shi, wannan gida ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa, kuma zai ji koyarwar da ba ta yi masa alkawarin ƙarya ba, ba ta kuma bar shi cikin fid da zuciya ba. Wanda har yanzu yake shan giya ko ƙwaya kullum, likita zai fara gani, sai da amincewarsa za a kai shi. Kada kuma a tura kowa shi kaɗai: dattijo ko shugaban matasan da zai zama abokin tafiyarsa ya bi shi, ya ji abin da aka koya masa, ya ajiye tasa wayar a akwatin Mama. Kwamitin ya amince a tura rukunin farko bayan Ista, da sharaɗin wata ma'aikaciyar jinya daga cikin membobinmu za ta raka su ta kwana a gidan, kowa kuma ya tafi da bargonsa da Littafinsa.